Wuta, ruwa da takarda: abin da tashinmu daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ya koya mini

Da aka yi mini canjin wurin aiki daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, abin da ya cika mini zuciya shi ne samun gida mai ɗakuna uku da tsakar gidan da yara za su sake a cikinsa, a kan kuɗin hayar da albashina zai iya ɗauka. Dillali ya zagaya da ni Gesse da Badariya da Bayan Kara, har muka dace da wani gida mai sassa biyu, ana zaune a ɗaya, ɗayan kuwa ya yi watanni a rufe. Na duba rufi da ƙofofi, na ga mitar kati a manne a bango, na ga tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe, sai hankalina ya kwanta na biya kuɗin shekara. Ganin mita da tanki ne ya ishe ni a ranar, ban tambayi abin da ke cikin mitar ba, ban kuma tambayi wutar wa ke cika tankin ba, kuma waɗannan tambayoyi biyu su ne suka cinye mini makonni shida na farko.

Mun tare a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya sauƙin kwana idan fanka ba ta juyawa. A daren farko na je wurin mai POS na ba shi lambar mita mai lamba 11, ya ciro mini katin wuta, na dawo na danna lambobi 20 ɗin nan a hankali. Abin da ya shiga bai kai abin da kuɗina ya saba saya mini a Argungu ba. Da na natsu na karanta rasit ɗin, sai na ga an cire wani kaso a matsayin biyan tsohon bashi. Wanda ya zauna a sashen kafin ni ya sha wuta a lokacin da ake kawo masa bil a wata, ya tara bashi, aka sa mitar kati, aka ɗora bashin a kan lambar gidan yadda za a riƙa cirewa kaɗan kaɗan duk lokacin da aka sayi kati, shi kuma ya kwashe kayansa ya bar gari.

Washegari na sami mai gidan, dattijo ne mai mutunci, na ce masa: “Alhaji, ranka ya daɗe, wutar da ban sha ba nake biya.” Ya karɓi rasit ɗin ya juya shi, ya ce: “Malam, wallahi ban san da wannan ba, yaron ya ce mini ya gama da su kafin ya tashi.” Na yarda da shi, domin shi ma bai taɓa neman shaidar biya daga hannun ɗan hayar ba. A nan na fahimci cewa a yawancin gidajen hayarmu babu wanda ke rufe lissafin wuta, ana dai miƙa makulli ne a yi sallama.

Har yanzu muna cewa NEPA ta kawo wuta ko ta ɗauke, ko da yake tun 2005 aka rushe wannan hukuma. Kamfanin da ke rarraba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna shi ne Kaduna Electric, hukumar da ke sa ido a kan harkar kuwa ita ce NERC, kuma ƙa’idarta a fili take cewa bashin wuta yana wuyan wanda ya sha ta, bai kamata ya bi sabon mazauni ba. Sai dai ƙa’ida ba ta aiki da baki, dole ne mutum ya nuna ranar da ya shiga gidan. Allah ya taimake ni mun rubuta yarjejeniyar haya mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu, saboda haka na rubuta takardar koke, na haɗa da kwafin yarjejeniyar da rasit ɗin kuɗin haya da na katin da na saya, na kai sashen sauraron koken masu hulɗa, na kuma roƙi a buga mini hatimin karɓa a kan kwafin da zan riƙe. An nuna mini cewa idan maganar ba ta warware a nan ba akwai zauren sasanci na NERC, bayansa kuma akwai hukumar kanta, amma ba mu kai can ba. Alhaji ya nemo ɗan hayarsa na da ta hannun danginsa, aka daidaita, aka sauke nauyin daga kaina, aka kuma mayar da lissafin da sunana. Da na sayi katin ɗan kuɗi kaɗan na gwada mitar tun kafin in biya haya, da rasit ɗaya ya faɗa mini duk wannan.

Akwai abu na biyu da rasit ke faɗa wanda mutane da yawa ba sa lura da shi, wato rukunin da layin unguwa yake. An raba masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awannin da aka tsara su samu a rana: A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, wanda ya ninka na sauran rukunai nesa ba kusa ba. Ma’anar wannan ga mai neman gida ita ce unguwanni biyu a gari ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a abin da wuta za ta ci a wata, kuma mai ƙaramin albashi da ya yi murnar samun gida a layin da wuta ke daɗewa ya kamata ya lissafa firij da fankoki da dutsen guga kafin ya sa hannu. Ni a ganina wannan tambaya ta fi tambayar launin fenti da tayil muhimmanci, amma dillalai ba su fara ta, mai nema ne zai yi ta.

Maganar ruwa ta fi ta wuta ciwo, domin ta shafi zumunci da maƙwabci. Gidan yana da burtsatse guda da sumo, wato injin jan ruwa, a cikinta, tana tura ruwa zuwa tankin da sassan biyu ke sha. Bayan an gyara batun bashi sai na ga har yanzu katina yana saurin ƙarewa. Uwargida ce ta fara lura, ta ce: “Malam, duk lokacin da aka kunna injin ruwa, jar fitilar mitarmu sai ta riƙa ƙiftawa da sauri.” Na kira mai gyaran wuta ya bi waya, ya tabbatar da cewa an jona sumo a kan layin wutar sashenmu tun lokacin ginin gidan. Watannin da sashen ya yi a rufe, maƙwabcina yana sayen ruwa wurin ’yan ga-ruwa, da muka tare kuma ruwa ya dawo, ya ɗauka mai gida ne ya gyara.

Na daɗe ina juya yadda zan fara maganar, domin mutumin ya karɓe mu hannu biyu, iyalinsa ne ma suka kawo mana tuwo a daren da muka sauka. Na same shi bayan sallar isha’i na ce: “Yaya, akwai maganar da nake so mu duba tare, don kada ta zama abin da za mu riƙe a zuci.” Muka tsaya gaban mitar, muka rubuta yunit ɗin da ke ciki, muka kashe komai na sashena, muka kunna sumo har tanki ya cika ya fara zuba, sannan muka sake karantawa. Bambancin shi ne kuɗin cika tanki sau ɗaya, kuma babu wanda zai yi musu da abin da idonsa ya gani. Muka ƙirga sau nawa ake cikawa a mako, muka raba gwargwadon yawan mutanen kowane sashe, muka rubuta a takarda, Alhaji ya sa hannu a matsayin shaida. Mun ƙara da cewa idan sumo ta ƙone gyaran na mai gida ne, wankin tanki kuwa namu ne mu biyu. Da muka buɗe tankin a karon farko, laka da gansakukar da muka tarar a gindinsa sun sa na hana yara shan ruwan sai da aka wanke shi aka bar shi ya bushe, aka kuma saya masa murfin da ke rufuwa sosai.

Layin famfon gwamnati da ke zuwa daga matatar ruwa ta Dukku bai iso titinmu ba, don haka ranar da wuta ta yi nisa sai mun koma ga masu kura da jarkokinsu masu cin lita 25. A nan na koyi wata dabara da zan yi amfani da ita duk ranar da na sake neman gida: in je unguwar da sassafe in tsaya a bakin titi. Yawan kurar ruwan da ke shiga lungu yana faɗin gaskiyar ruwan unguwa fiye da kowane dillali, ƙarar janareta da dare kuma tana faɗin gaskiyar wutarta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya daina zama abin dogaron mai albashi irina, shi ya sa na haƙura da shi na sayi ƙaramin sola da batir ɗaya, wanda ke riƙe fitilu da fanka biyu da cajin waya, ba na kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Sauran abubuwan ba su ba ni wahala ba. Tukunyar gas mai kilo 12.5 na ɗauko ta a tsaye cikin mota, na sauya mata tiyo domin tsohon ya fara tsagewa, na shafa ruwan sabulu a mahaɗa na ga babu kumfa kafin a kunna wuta, na kuma ajiye ta inda iska ke ratsawa. Na zaga ɗakuna da waya a hannu na gano layin da ke kamawa a cikin gidan kafin in sayi na’urar intanet. Na tambayi Alhaji yaushe aka yi kwasar masai ta ƙarshe, muka kuma yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan farko ya sauka. Na kai gaisuwa wurin mai unguwa, a can aka gaya mini abin da kowane gida ke bayarwa a wata na ’yan sintiri da mai kwasar shara, da yadda ake karo-karo idan wani abin amfanin unguwa ya lalace.

Ina cikin wannan hidima ne wani tunani ya faɗo mini wanda ya hana ni barci. Gidan da na bari a Argungu ba shi da mitar kati, bil ake kawowa da sunana, kuma ni ma makulli kawai na miƙa na yi sallama. Abin da aka yi mini shi ne nake shirin yi wa wani bawan Allah da ban sani ba, ko kuma in wayi gari ana bin sunana bashin wutar da wani ya sha. A ƙarshen makon na hau mota na koma Argungu, na biya abin da ya rage har zuwa ranar da na tashi, na rubuta takardar sanar da cewa na bar gidan, aka buga mini hatimi. Na yi kwafi uku, na riƙe ɗaya, na ba tsohon mai gidana ɗaya, na ukun kuma na ƙwanƙwasa ƙofa na miƙa wa magidancin da ya shiga bayana, wanda ya karanta ta a tsaye, ya ninke ta, ya ce zai ajiye ta tare da takardar hayarsa.