Rigar da ba a wankewa: daga Fadar Topkapi zuwa kabarin Hurram

Na shiga jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1 na sauka a unguwar Sultanahmet ta Istanbul, na bi ta bayan Masallacin Ayasofiya na shiga ƙofar farko ta Fadar Topkapi. Mai niyyar zuwa ya kiyaye ranar Talata, a rufe fadar take. Ya kuma yi sammako, don da hantsi ya ɗaga layin tikiti ya yi tsawo. Sai an wuce ƙofofi uku ake isa farfajiyar ciki, inda ɗakin kayan tarihin Manzon Allah (SAW) yake, ana karatun Alƙur'ani a cikinsa dare da rana. Ni abin da ya kawo ni Istanbul, Santambul ɗin kakanninmu, shi ne rigunan tsari na sarakunan Daular Usmaniyya.

Fadar na da irinsu fiye da 80, amma kaɗan ake fitarwa a lokaci guda, cikin gilashi, a haske dishi-dishi, saboda haske na kashe launin tawada. Daga nesa ka ce taguwa ce mai ado. Da ka matso sai ka ga adon duk rubutu ne: Suratul Fathi, Ayatul Kursiyyu, sunayen Allah 99, da hatimai jere kamar gidan dara, da tawada baƙa da ja da shuɗiya da ruwan zinare. Wanda ya tashi kusa da zauren malam ba zai ji baƙunta ba. Hatimin nan ne mai gida tara, 1 zuwa 9, ko ta ina ka haɗa 15 zai ba ka, sai dai a nan akwai masu ɗaruruwan gidaje. Bambancinta da rigar layu ta mayaƙanmu shi ne, mu a takarda muke rubutawa, a ɗinke cikin fata a rataya, su kuwa rigar ce takardar.

Nan wahalar aikin take. Auduga shan tawada take yi, rubutu ya baje. Don haka sai an shafe ƙyallen da sitaci ko farin ƙwai da alif, a bar shi ya bushe, a goge da dutse mai santsi har ya yi sulɓi kamar takarda. Masanin taurari na fada ya tsayar da sa'ar farawa, malami ya zaɓi ayoyi ya buga lissafin hatimi, sannan gwanin rubutu ya zauna da alƙalamin kara. Lamba ɗaya ta kuskure, hatimin ya ɓaci. Tawadarsu kuma ta baƙin hayaƙin fitila ce da ƙaro, ruwa na taɓa ta za ta narke. Shi ya sa ba a wanke rigar. Gumi na cinye rubutun hammata da wuya, ninki kuma na fasa sitacin, harafi ya ɓare a kan karin.

Wadda aka yi wa Yarima Jem, ɗan Sarki Muhammadu Alfatih, an rubuta lokacin aikinta a jikinta: an fara a Maris 1477, an gama a Maris 1480. Shekara uku a kan riga ɗaya. A 1481 ɗan'uwansa Bayazid na Biyu ya ci shi da yaƙi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a hannun Turawa, ya rasu a Italiya a 1495.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Sarki Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566. Hurram baiwa ce da aka kawo daga yankin da yau yake cikin Yukren. Ya 'yanta ta ya aure ta, abin da sarakunan gidan suka daɗe da dainawa, kuma ta haifa masa 'ya'ya da yawa alhali al'adar fada ɗa namiji ɗaya ce ga kowace ƙwarƙwara. Yana yi mata waƙa da laƙabin Muhibbi, wato masoyi. Shi kuwa ba ya zama, yau yana Hungari, gobe yana Bagadaza. Wasiƙunta na nan a ajiye, kuma a ɗaya daga ciki ta aika masa da irin wannan riga, tana roƙonsa ya sa saboda sunaye masu tsarki da ke jikinta, ko ta kare shi daga harsashi. Ɗansu Salim, wanda ya gaje shi, shi ma akwai tasa rigar a fadar.

Daga nan na taka zuwa Masallacin Sulaimaniyya, tafiyar kamar rabin awa, ƙarshenta hawa ne mai sa haki. Sinan, babban maginin fada, ne ya gina wa Sulaiman shi tsakanin 1550 da 1557. Kaburburan Sulaiman da Hurram na cikin lambun da ke bayan bangon alƙibla, ana cire takalmi a bakin ƙofa, mata su rufe kai. Hurram ta riga Sulaiman rasuwa, a 1558. Ɗakin kabarinta ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da tayil ɗin garin Iznik mai zanen itatuwa da furanni. Shi kuwa a cikin tanti ya cika, a Satumba 1566, lokacin da sojojinsa suka yi wa ganuwar Zigetbar ƙawanya a Hungari, ya haura shekara 70. Aka ɓoye wa sojoji rasuwar makonni har Salim ya iso, sannan aka kawo gawar nan. Tsakanin ƙofar kabarinsa da nata taku kaɗan ne.