Abin da na koya a bakin mayafi

Gwaggon da ta koya mini ɗinkin surfani, a wani ƙauye kusa da Kura, ba ta karɓar aikin mayafi sai ta ji wadda za ta yafa shi. Amarya ce? Mai jego ce da za a yi wa suna? Ko kuwa dattijuwa ce mai zuwa gaisuwa da barka? Sai ta ji amsa take zaɓen zare. "'Yar nan," ta kan ce mini, "kafin mace ta yi sallama, mayafinta ya riga ya gaisa da mutanen gida."

A zamaninsu haka abin yake. Budurwa ɗan gyale ya ishe ta, ta saɓa a kafaɗa ta wuce. Matar aure kuwa babba take yafawa, kowa ya gani ya san akwai igiya a kanta, ya ba ta hanya. Amarya tana cikin lulluɓi har ranar buɗar kai, shi ya sa nata ne ake cika wa ado, dangi na kallo su gane irin hidimar da aka yi mata. Mai takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ruwanta da ƙyalƙyali.

Zaren ma yana da nasa matsayi. Na auduga na kowa ne, mata ke kaɗinsa da mazari a tsakar gida. Tsamiya, wato silikin da ake samu daga saƙar wata tsutsa, ta fi shi daraja, ga wuyar aiki. Alharini kuwa, wato jan siliki, a da can ayarin raƙuma ke kawo shi daga Turabulus, don haka layi kaɗan a jikin zane ya isa ya nuna gidan wadata ne. Mu ma namu yana fita: Barth, Bajamushe mai yawon bincike, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafinmu har Timbuktu, kuma turkuɗin Kura, wanda ake rinawa da baba a buge shi har ya yi sheƙi, shi Buzaye ke naɗawa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda Gwaggo ke duba aiki. Gaba ba ya damunta, sai ta juya mayafin ta bi bayansa da yatsa. In ta ji ƙulli ko zare na lilo, warwarewa za a yi, domin gefen nan shi ke taɓa jikin mai shi.

Yanzu mayafan inji sun cika Kantin Kwari, masu araha, wasu ma kyawawa ne, ban ƙi su ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne na amarya da na uwarta duk iri ɗaya ne. A shagona ina ɗinki da keke, amma duk wanda ya kawo aikin mayafi sai na tambaye shi ta wa ce, kuma na amare har yau da hannu nake yi musu baki.