Daga Talge Ake Gane Tuwo

Shekarun da na yi ina koya wa masu farawa girki sun nuna mini cewa wurin faɗuwarsu kusan ɗaya ne, wato tukunyar tuwo. Shinkafa da taliya suna da haƙuri, ko an yi kuskure za a ci a tashi. Tuwo kuwa in ya ɓaci babu inda za a ɓoye shi, kuma da shi dangin miji ke auna amarya tun ba ta gama sanin inda rariya take a gidan ba. Daga nan sai hukunci ya fito: "Ba ta da hannu." Wannan magana ta kashe wa 'yan mata da yawa gwiwa, alhali galibi laifin na wadda ta koyar ne. Babbar mace za ta tsaya a kan yarinya tana cewa "ki zuba daidai", ba ta faɗi daidai ɗin nawa ne ba, da muciya ta fara karkacewa sai ta fizge, "kawo nan, kina ɓata mini gari". Yarinyar da ake yi wa haka za ta shekara goma a madafi tana yanka albasa da wanke-wanke, ba ta taɓa kai tuwo ƙarshe da hannunta ba. Sai saura mako biyu biki a tuna ba ta iya ba, an kuwa san ba a fafe gora ranar tafiya.

To ga daidai ɗin. Tuwon masara na mutum huɗu yana cin gari kofi 4 da ruwa wajen kofi 10, da kofi ɗaya za ki auna duka biyun. A tankaɗe garin tukuna, ko da daga inji ya fito yanzu. Ki ɗora ruwa kofi 8 a wuta, ki ɗebi gari kofi ɗaya da rabi ki dama da sauran ruwan, mai sanyi, har ya zama babu ƙullutu ko ɗaya. Sai ruwan tukunya ya tafasa sosai za ki zuba wannan damun, kina zubawa kina juyawa da muciya, kada ki tsaya sai ya fara kauri kamar kunu. Wannan shi ne talge, wasu su ce ruɗe.

A nan ne kuskuren yake. Mai koyo da ta ga talge ya yi kauri sai ta ɗauka ya nuna, ta hau zuba gari. Bai nuna ba. Ki rage wuta, ki rufe tukunyar ki bar 'yar kafa don kada ya yi bori, ki ba shi minti 10 zuwa 15. Alamarsa uku ce: ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, launinsa ya ɗan yi sheƙi, kuma yana tafasa yana fashewa yana fallatsi. Ki yi hankali da fallatsin nan, ya fi ruwan zafi ƙuna domin manne wa fata yake yi. Dalilin jiran shi ne, garin da za ki ƙara daga baya ba zai sami ruwa mai yawa da zai dahu a ciki ba, zafin talge da tururinsa ne za su dafa shi. In talgen ɗanye ne, tuwon duka ɗanye ne, ko ki kwana kina tuƙi. Za ki ji yana kama dasashi, yana warin gari, kafin safiya ya saki ruwa a cikin kwano, ɗumame ma ba zai yiwu ba.

Gudaji kuma hanyarsa biyu. Ko dai an zuba busasshen gari kai tsaye a tafasasshen ruwa, bayansa ya dahu nan take ya rufe ɗanyen da ke ciki, ko an juye sauran garin gaba ɗaya a kan talge. Barbaɗawa ake yi, tafin hannu ɗaya, a tuƙa har ya ɓace, sannan a ƙara. Tuƙi kuma ba zagaya muciya ba ne a tsakiyar tukunya. Ki janyo tuwon daga can gefe zuwa gabanki, ki murƙushe shi a jikin tukunya, ki juya tukunyar kaɗan ki sake. Hannun hagu na riƙe da tukunya da tsumma, in babba ce a sauke ta ƙasa a tokare. Ki tsaya da ƙarin gari tun tuwon yana da ɗan laushi fiye da yadda kike so, domin yana ƙara tauri in ya huce. Garin sabuwar masara da na tsohuwa ba sa shan ruwa daidai, shi ya sa rabin kofi zai iya raguwa, ba dole ne a ƙarar ba.

Bayan tuƙi akwai sulala, ita ma masu gaggawa tsallake ta suke yi. Ki yayyafa ruwa kamar rabin ludayi, ki huda tuwon da muciya wuri uku ko huɗu, ki rufe ruf, wuta can ƙasa, minti 10. In a kan gawayi ne ki janye garwashi, in gas ne ki kai shi ƙarshen ƙasa, in ba haka ba ƙanzo ya ƙone ƙauri ya shige tuwon duka. Sannan ki sake tuƙawa sau ɗaya mai kyau, ki tsoma mara a ruwa ki kwashe. Wadda ta bi wannan sau biyar a jere, da kofi guda da tukunya guda, ba ta ƙara buƙatar kowa ya tsaya mata a kai. Ban ga wadda ta gagara ba.

Miyar kuka ta fi sauƙi, amma ita ma tana da tarko. Daddawa na son dahuwa. Ki daka ta da albasa, attaruhu biyu, 'yar citta da masoro, ki zuba a ruwa kofi 4 tare da nama ko busasshen kifi da manja ludayi ɗaya, su yi rabin awa suna tafasa. Daddawar da ba ta dahu ba ita ke sa miya wari. Gishiri da dunƙule ki daidaita su kafin kuka ta shiga, domin bayan ta yi kauri ba sa narkewa ko'ina daidai. Ki rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗa kuka, ɗayan na kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Babban cokali 4 zuwa 5 ya isa wannan ruwan, kuma ki dakata a na huɗu ki jira minti biyu, kuka tana kumbura a hankali. Minti biyar bayan nan a sauke, ba a rufe ba.

Miyar dage-dage da ke tsami, ruwan tumatir ne bai ƙone ba. A tafasa markaɗen shi kaɗai har ya tsotse, sannan a soya a mai har man ya taso sama. Masu jefa kanwa don su kashe tsami sauri suke nema, kuma ɗanɗanon yana tona su.

Sauran gajeru ne. Shinkafa 'yar gida a rege ta, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata sunan mai girki. Wake ya riga shinkafa shiga tukunya da kusan rabin awa. Kanwa jiƙa ta ake yi a tsiyaye ruwan, yashin ya zauna a ƙasa. Mai in ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, a kashe murhu a kife murfi. In kin ji warin gas kada ki taɓa makunnin lantarki, ki rufe tukunyar gas ɗin ki buɗe tagogi. Mayafi da dogon hijabi a ajiye su kafin a kunna wuta.

Samarin da ke zaune a makaranta ko ɗakin haya, duk wannan ya shafe ku, sai dai ku raba ma'aunin biyu, kuma ku sayi muciya ta gaske, cokalin ƙarfe ba ya tuƙa tuwo. Ku kuma iyaye mata da yayye, in kun ba yarinya tukunya ku faɗa mata kofi nawa, ku koma gefe ku zauna, ko da za a yi asarar gari kofi huɗu a daren farko.