Abin da tulun matan Zumunta ya koya mini

Da alli da allo na shiga aikin koyar da mawaƙa a majami'armu. Na dawo daga makaranta kaina cike da do-re-mi, tsarin nan da wani limamin Ingila, John Curwen, ya yaɗa a ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo mana shi tare da hamoniyom da littafin waƙoƙi. Na iya raba murya gida huɗu, na iya kaɗa hannu kowa ya tsaya a inda na ce. Dattawan ikilisiya suka ce to, tunda ka karanto abin, ga kwaya nan, ka riƙe. Har yau idan na gaya wa abokaina na kasuwa cewa ni malamin 'yan kwaya ne sai sun sake dubana sama da ƙasa, sai na ce su kwantar da hankali, wannan "ka" ɗin ba mai lanƙwasa ba ce.

Majami'ar tamu tana bayan garin Kaduna, kuma irin wadda ake cewa kowa da kowa ce: Bajju, Atyap, Gbagyi, Ngas, Tangale, Bura, da Hausawan ƙasar Zazzau da na Katsina. Hausa ce ta haɗa mu. Akwai sujadar Turanci da sassafe, amma ta Hausa ce take cika har a jera benci a waje. A cikin wannan sujadar ne na gamu da abin da na ɗauka a lokacin shi ne babbar matsalata, wato Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya.

Su ba su da allo. Suna da tulu biyu da ake bugun bakinsu da soso, da 'yar ganga, da kuge, da kacau-kacau. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, ƙafa ta fara motsi, can sai wata ta rangaɗa guɗa. Waƙar da a lissafina ba ta wuce minti uku ba, sai su ja ta har jama'a su tashi tsaye, tsofaffin da ke gyangyaɗi lokacin waƙarmu su wartsake. Mu kuwa mun kwashe sati uku muna gyaran baiti huɗu, in mun gama a ce "Amin" a hankali, kamar an sauke wa mutane kaya. Abin ya ci mini rai. Na rubuta wa dattawa takarda cewa a ƙayyade wa kowace ƙungiya minti biyar, don a kiyaye tsari da natsuwa a gidan Ubangiji. Kowa ya san wa nake nufi.

Uwar Zumunta ba ta ce mini uffan ba a kan takardar. Wata Laraba da yamma dai ta zo ta zauna a bencin baya muna gwajin waƙa. Baitin da muke yi ya ƙare da cewa Ubangiji mai jin kuka ne, kuma kamar yadda karin waƙoƙin Turawa ya saba, murya takan gangaro ƙasa a ƙarshen layi. Muka maimaita sau biyar, ina jin daɗin yadda masu babbar murya suke sauka. Da muka tashi sai ta yafito ni.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, Mama. Sannu da zuwa."

"Wannan kukar da kuke kai wa Ubangiji, ta miya ce ko?"

Sai da na isa gida maganar ta zauna mini. Kukan hawaye, gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kukar da ake kaɗa miya da ita ce take faɗowa a ƙarshe. Mun shafe awa guda muna shaida wa Allah cewa yana jin bishiya. Ba wanda ya ruɗe, gaskiya, don kowa ya san abin da ake nufi. Amma daga ranar na kasa daina ji. Na ɗauki littafin waƙoƙi ina karanta layi da baki kamar magana, sannan in rera shi, sai in ga inda karin baƙi ya murɗe wa kalma wuya: gajeren wasali an ja shi, dogo an datse shi, sama ta koma ƙasa. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya suke ɗauke da ma'ana, a makaranta kuwa ba wanda ya taɓa haɗa mini wannan da waƙa. Mun gaji karin da aka ɗinka wa wani harshe, muna ta cusa namu a ciki.

Kunya ce ta kai ni taron matan ranar Alhamis, na ce na zo gaisuwa. A nan na ga yadda suke yin waƙa. Wata ta karanta aya, ta sake karantawa, ta sake, har maganar da kanta ta fara lilo. Mai tulu ta kama lilon. Wata ta yanko guntun jimla ta mai da ita amshi. Idan kalma ta ƙi zama a kan kiɗa, ba sa tanƙwara kalmar, karin suke sauyawa. Kafin magariba waƙa ta tsaya da ƙafarta, kuma yaron goye ma zai iya amsa ta ran Lahadi. Abin da na je makaranta ban samu ba, ga shi ana yinsa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tsakanin hirar kuɗin taki da ta bikin 'yar wance.

Akwai wata tsohuwa a cikinsu da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya yi tare da abokan aikinsa, amma ita ba ta hanyar takarda ya iso mata ba. Na ji ta tana ba jikokinta labarin Yunusa tun daga jirgin Tarshish har zuwa tsiron da tsutsa ta cinye, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma duk inda ta tsaya numfashi, nan ne amshi yake shiga a waƙar. Na san masu takardar shaidar makarantar Littafi da za su manta da tsutsar.

Kakata takan ce a ƙauyensu, zamanin da bishara ta fara shiga, ganga ba ta ƙetare ƙofar majami'a. 'Yan mishan da yawa, na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) da suka iso a 1893 da na Sudan United Mission (SUM) da suka sauka Wase a 1904, sun yi ɗari-ɗari da kiɗan gargajiya, kuma ba su kaɗai ba: masu bi na farko su ma sun san wace ganga ake bugawa a wurin tsafi, ba sa son abin da zai tuna musu da inda suka fito. A faɗarta, tulu ne ya fara shiga, don ba wanda zai ce kayan ɗebo ruwa na bori ne. Ganga ta bi bayansa a hankali. Da ƙungiyoyin Sabon Rai suka bazu daga shekarun 1960, suna fita wa'azi kasuwa da ƙauye da kiɗa, sai gardamar ta mutu da kanta a yawancin wurare. Ni da aka haifa bayan an gama wannan faɗan, sai ga ni na tono shi da takarda.

Baba Fasto ya kira ni ofishinsa a kan takardar. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe Sama'ila ta biyu sura 6 ya ce in karanta: Dauda ya kawo akwatin alkawari Urushalima, yana rawa da iyakar ƙarfinsa, matarsa Mikal 'yar Saul ta leƙo ta taga ta raina shi a ranta. Na gama, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, kowace majami'a tana da taga. Ka lura da inda kake tsayawa." Ya mai da mini takardata a ninke.

Duk da haka ban sallama ba sai ranar wata jana'iza. Mijin ɗaya daga cikin matan ya rasu a haɗarin mota, ya bar mata yara huɗu. Na zaɓi waƙoƙi masu sanyi, muka rera su yadda ya kamata, mutane suka yi ta share hawaye. A bakin kabari, ana gama zuba ƙasa, sai na ji tulu. Raina ya ɓaci, na ce yau ma? Na juya in ga wa ya ba da izini, sai na ga matar mamacin ce ta ba da waƙar da bakinta. Muryarta na rawa, hawaye na bin kumatunta, mata biyu sun tallafe ta hagu da dama, ƙafarta kuma tana bin kiɗa. Waƙar tashin matattu ce, irin mai zafin nan da suke yi ran Ista. Ba wanda ya yi murmushi a wurin. Amma da aka watse, da ƙafarta ta taka zuwa mota, ita da aka kawo a riƙe.

Na daɗe ina juya wannan. Ni a da, murna a sujada tana nufin abubuwa sun yi daidai: an samu ƙarin girma, an haihu lafiya, amfanin gona ya yi kyau. To Bulus da Sila fa, da suka yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk bulala, ƙafafunsu a turu? Littafin da ya ƙare da Zabura 150, mai kiran ƙaho da molo da garaya da bandiri da rawa, shi ne kuma yake ɗauke da Zabura 88, wadda ta rufe da duhu ba tare da ko kalmar ta'aziyya ba. Duka biyun an rubuta su ne don a rera. Matan nan sun san haka ba tare da an zana musu a allo ba. Yawancinsu sun binne 'ya'ya, wasu sun taɓa gudu da dare da goyo a baya lokacin rikici. Rawarsu ba ta rashin sanin wahala ba ce.

Kada kuma a ɗauka na koma mai cewa duk ƙara yabo ce. Bayan 'yan shekaru muka sayi kibod da ganguna irin na zamani da manyan lasifikoki, matasa suka karɓe sashen yabo, sai wata cutar ta ɓullo. Ƙarar ta kai inda mutum ba ya jin muryar na kusa da shi, ba ya ma jin tasa. Daga gaba kana ganin bakuna a rufe, mutane suna tafi kawai suna kallon masu makirfo. Ban gane zurfin abin ba sai wata Lahadi da janareta ya mutu a tsakiyar waƙa. Wuri ya yi tsit, ashe mutum shida ne suke rerawa a ɗakin da ya cika maƙil. Mai tulu ce ta cece mu, ta buga sau uku, jama'a suka shigo kamar an buɗe dam. Daga ranar na koma zama kusa da yaron da ke riƙe da na'urar sauti, hannuna ba ya nisa da maɓallin ragewa. Mun yi rigima da matasa a kan haka, har yanzu ma mukan yi. Maƙwabtanmu Musulmi da ke bayan katanga, waɗanda suka sha haƙuri da raya darenmu, su ne suka fara yi mini godiya.

Rawar baiko, wato ta kai kyauta gaban majami'a, ita ma tana da nata. Ranar godiyar kaka, mai buhun masara yakan yi rawa a hankali don a gan shi, mai mudu ɗaya kuma ta ɓoye nata a gefen zane ta wuce da sauri. Na taɓa ganin wadda ta daina zuwa Zumunta wata biyu saboda ba ta da kuɗin anko. Annabi Amos ya faɗa wa Isra'ila cewa Allah zai iya ƙin sauraren hayaniyar waƙoƙinsu idan babu adalci a ƙasa, kuma ba na jin maganar ta tsaya a kansu. Na kai wa Mama wannan ƙorafin, wannan karon da baki, ba da takarda ba. Ta saurara har ƙarshe. A taron da ya biyo baya suka yanke cewa duk wadda ta ɗinka anko za ta ƙara wani abu a asusu don a saya wa wadda ba ta da hali, kuma ba a faɗin sunan wadda aka saya wa.

Littafin waƙoƙi ban yar da shi ba. Ranar cin Jibin Ubangiji, in aka ɗauko tsohuwar waƙa mai sanyi, ba ganga ba tafi, dattawa sukan rufe ido su rera ta da ka, murɗaɗɗun kalmomin da duk. Da ita aka yi musu baftisma, da ita aka binne iyayensu. Na taɓa gwada gyara wa wata kalmomi don su dace da kari, wani dattijo ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, wannan ka bar mana ita yadda muka same ta." Na bar ta. Sababbi dai, kafin in ɗora musu kari, sai na karanta layin da ƙarfi sau uku, sannan in kai wa matan ran Alhamis su ji. Sukan dawo mini da rabi.

Rawa ce har yau ta gagare ni. Kirsimetin bara na yi ƙarfin hali na fito daga inda nake tsayawa na shiga layi, yaran makarantar Lahadi suka yi ta dariya har da riƙe ciki, don ƙafata tana zuwa ne bayan kiɗa ya wuce. Mama ta zo wucewa, yanzu da sanda take tafiya, ta dube ni, ta karɓi kacau-kacau daga hannun wata yarinya ta danƙa mini.

"Riƙe wannan, Malam. Ka bi tulu, kada ka ƙirga."