Gyaran Tsohon Gida da Gina Sabon Ɓangare Don Gidan Tarihi a Kaduna

Turawan mulkin mallaka sun dawo da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917, shi ya sa yawancin tsofaffin gine-ginen garin ba na tubali da azara ba ne irin na Zariya ko Kano, na jan bulo ne da katako da rufin kwano, masu faffaɗar baranda da dogayen tagogi. Irin wannan gida aka damƙa mini, ni da nake injiniyan gini, aka ce in gyara shi ya zama gidan tarihi, in kuma ƙara masa sabon ɓangare. Abin ba baƙo ba ne a garin, domin gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu an buɗe shi ne a 1975 cikin tsohon ginin jam'iyyar NPC, shi kuwa Arewa House da ke titin Rabah gidan Sardauna Ahmadu Bello ne kafin ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Kafin a ɗora guduma a ko'ina, sai da muka auna kowane ɗaki, muka ɗauki hoton kowace tsaga a bango, sannan muka jira ruwan Agusta domin mu ga ta inda gidan yake shan ruwa. Rufin ya tsufa, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Wasu da suka yi gyara shekarun baya sun yaɓe bangon da siminti tun daga ƙasa, alhali asalin ginin da farar ƙasa aka haɗa shi, wadda take barin danshi ya fita. Siminti kuwa ya tsare danshin a ciki, gishirin da ke tasowa daga ƙasa ya taru a bayansa ya ci fuskar bulon. Wani dattijon birkila da muka ɗauka ya ƙwanƙwasa bangon da gindin cokalinsa, ya ji yana amsawa kamar ganga, ya ce, "Injiniya, wannan filasta ba ta riƙe komai." Na ce, "To Baba, a ɓamɓare ta da hannu, kada a sa inji." Da aka ɓamɓare, sai ga bulo yana zuba gari a tafin hannu. Mun sake yaɓen da farar ƙasa da yashi, shafi bayan shafi, ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe da gaggawa. Aiki ne mai cin lokaci, kuma masu gidan sun ƙosa ƙwarai, amma ban san wata gajeriyar hanya ba da ba za ta mayar da mu gidan jiya ba.

Katakon rufi bai ba mu wahala sosai ba. Inda gara ta ci mun yanke mun yi masa ƙari, sauran mun sa magani mun bar shi a wurinsa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun abin da za a ajiye a ina. Masu gidan sun so a zuba komai a tsohon ginin, a toshe tagoginsa a sa na'urar sanyaya ɗaki, sabon ɓangaren kuma ya zama ofisoshi. Na ƙi amincewa, domin buƙatar gidan da ta kayan ta sha bamban. An gina gidan ne iska ta ratsa shi, su kuwa rubuce-rubucen ajami da kayan fata da sassaƙen itace ba sa jure sauyi, a Kaduna kuma iskar hunturu takan busar da fata har ta tsage, damina ta zo ta sa mata fumfuna. Saboda haka ma'ajiya da ɗakin nuna kaya masu rauni da banɗaki da duk wayoyin lantarki masu nauyi suka koma sabon ɓangaren, inda za a iya riƙe danshin iska kusa da kashi 50 cikin ɗari. Tsohon gidan ya ɗauki tukwane da kayan ƙira da hotunan da aka sake bugawa, shi kansa kuma ya zama abin kallo.

A wajen siffa, na bi ƙa'idar Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta nemi duk abin da aka ƙara wa ginin tarihi ya nuna zamaninsa, kada kuma ya danne na asali. Mun ja sabon ginin baya, mun hana shi zarce tsohon a tsayi, ba mu kuma kwaikwayi barandar ba. Harsashinsa daban yake, domin sabon gini yakan ɗan nutse cikin ƙasa a shekarunsa na farko, in aka ɗaure shi da tsoho sai ya ja bangonsa ya tsaga. Wani ɗan siririn soro ne kawai ya haɗa su, ya shiga ta wata tsohuwar ƙofa da take nan tun asali, don haka ba mu fasa bango ko ɗaya ba.