Abin da aikin lambu a Legas ke koya wa mutum game da kayan aiki

Wanda ya saba noma a Arewa, idan ya fara ɗan lambu a bayan gida a Agege ko Idi-Araba, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda ƙarfe ke saurin mutuwa. Fartanyar da za ta shekara a Katsina tana sheƙi, a nan kwana uku ka bar ta da laka a jiki, sai ka tarar ta yi ja. Iskar Legas da laima take, kusa da ruwa kuma har da gishiri. Tsatsa ce ke cinye kayan lambu a garin nan, aiki bai cika kashe su ba.

Maganinta ba tsada. In an tashi daga aiki a kankare lakar da guntun katako, a goge ruwan fartanyar da tsumma har ya bushe, a shafa masa ɗan man gyaɗa ko manja. Wasu baƙin mai suke karɓowa wurin makanikai. Yana hana tsatsa kam, amma ƙarfen nan gobe cikin ƙasar alayyafon da iyali za su ci zai shiga, don haka ban ga dalilinsa ba. Sannan a rataye kayan a ƙusa. Ƙotar da aka jingine a ƙasa mai danshi ta zama rabon gara.

Ƙota ma da nata halin. Da damina itacen yana shan laima ya kumbura, fartanya ta kama gam. Hunturu na shigowa a Disamba ya tsuke, sai ka ji ruwan yana girgiɗi. Jiƙa ta cikin bokiti dabarar yini ɗaya ce, kuma yawan yi yana ruɓar da kan ƙotar. A fiƙe ɗan itace mai tauri a buga a ramin, ko a kai wa maƙeri ya sake zaunar da ita. Ruwan fartanya da ya fice ana tsakiyar sara ba inda yake nufa sai ƙafa.

Ba sai an tara kaya da yawa ba: ƙaramar fartanya, adda, shebur, manjagara da almakashi sun isa. Diga kuwa aronta ake yi, don sau ɗaya ake bukatarta. Filaye da yawa a Legas ciko ne, da ɓaraguzan bulo da kwalabe a ƙarƙashi, fartanya na dukan su bakinta zai lanƙwashe. A fara fasa wurin da diga, a tsince tarkacen da manjagara, kafin a ja kunya. Faɗinta kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba, tudunta kuma santimita 20 zuwa 30, saboda ruwan watan Yuni in ya kwanta a gindin tumatir saiwar ruɓewa take yi.

Inda tsakar gida duk siminti ne, buhu ake shukawa a ciki, a nan kuma cokalin magina ya fi fartanya amfani. A huda gindin buhun wuri biyar ko shida, a cika da ƙasa kashi 2, taki kashi 1. Kashin shanu ana samunsa a wajen mayankar Oko-Oba, sai dai a bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ƙona shuka yake yi.

Wajen wasa adda ana kuskure ɗaya: a yi ta gogawa har bakin ya yi siriri kamar na aska. Irin wannan bakin da ya haɗu da dutse yake ɓallewa. Kaifi matsakaici ya wadatar, magagarin kuma gaba kawai ake tura shi, a ɗaga, a sake turawa.

Almakashi yana ɗaukar cuta daga wannan tumatir zuwa wancan. Bayan an yanke ganyen da ya yi tabo, a tsoma shi cikin Hypo, wato bilicin wanki, kashi 1 da ruwa kashi 9, a ɗauraye, a goge, don shi ma Hypo ɗin yana cin ƙarfe. Ban ruwan iri kuwa, jarka mai lita 5 ta isa: a gasa ƙaramar ƙusa a huda murfin wuri goma, ruwan zai sauka kamar yayyafi. Kwarara shi da bokiti tattara ƙwayar lalo da ta alayyafo yake yi a gefe guda, su tsiro cunkushe, sauran kunyar kuma ta zauna fayau.