Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Ta Ina Kuturta Ke Shiga Gida?

Makon jiya mun tsaya a ƙofar ɗakin gwaji. Yau labari zai ɗan dakata, domin sai an san ciwon kafin a gane abin da zai biyo baya.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuma kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Hanyarta hanci da baki: tari, atishawa da numfashin mai ciwon da bai fara magani ba, kuma sai an yi wata da watanni ana kwana ɗaki ɗaya. Musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya ba ya sa ta, ga shi kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na kashe ƙwayar da kansa. Wanda ta kama, takan yi shekara 5 tana ɓoye, wani har 20. Shi ya sa idan ta bayyana ga uba da ɗa, sai a ce jini ne, alhali ɗakin kwana ne.

Alamar farko tabo ne mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Nan ake asarar shekaru, ana shafa maganin makero. Gwajin kuwa ɗan auduga ne kawai. A murza bakinsa ya yi tsini, a sa mutum ya rufe ido, a taɓa fata mai lafiya ya nuna wurin da yatsa, sannan a taɓa tsakiyar tabon. In ya yi shiru, to wurin ya mutu. Daga nan a lalubi jijiyar gwiwar hannu, a ji ko ta kumbura kamar igiya.

Tabo 1 zuwa 5, magani na wata 6 ne. Ya haura 5, wata 12. Babba yana shan Rifampicin miligiram 600 da Clofazimine 300 sau ɗaya a wata a gaban ma'aikacin lafiya, sai Dapsone 100 da Clofazimine 50 kullum a gida. Kyauta ake bayarwa a duniya tun 1995. Da an fara sha, yaɗawa ta tsaya, don haka ware wa mai ciwon bukka a bayan gari zalunci ne kawai.

Inda ake tuntuɓe shi ne ma'aikaci ya manta faɗin cewa fitsari zai yi ja, fata za ta ƙara duhu. Mara lafiya ya firgita, ya jefar da katin maganin. Haka idan tabo ya kumbura, jijiya ta ɗau zogi ana tsakiyar magani: ba maganin ne ya ƙi shi ba, a garzaya asibiti a haɗa masa Prednisolone, maganin kumburi, kafin yatsu su lanƙwashe.

Mutanen gidan kuma a duba kowa a cikin hasken rana. Wanda ya kai shekara 2, ba alamar kuturta ko tarin fuka, a ba shi Rifampicin sau ɗaya tak, wanda ke rage haɗari da fiye da rabi. Allurar BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, ma tana ɗan taimakawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun ƙafar da ta daina jin ƙaya.